Concentus Musicus Wien: shin da gaske haka kiɗan Bach yake a zamaninsa?

Duk wanda ya taɓa lalubar kiɗan gargajiyar Turai a YouTube ko Spotify zai iya cin karo da wani abin ɗaure kai. Kiɗa ɗaya ne, na mutum ɗaya, a ce Bach ko Vivaldi, amma ka saurari faifai biyu ka rantse ba daga takarda guda aka karanto su ba. Na farko mai nauyi ne, yana jan ƙafa, makaɗa sun cika dandamali. Na biyu kuwa mutum 15 ne ko 20, sautin siriri mai kaifi, ga hanzari, an kuma rubuta a jikinsa cewa da "kayan kiɗa na asali" aka yi shi. Daga nan tambaya take tasowa: na biyun shi ne ainihin abin da kunnen mutanen ƙarni na 18 ya ji? In shi ne, wa ya shaida? In kuma ba shi ba ne, wahalar ta mece ce?

Babu inda ya fi dacewa a nemi amsa kamar tarihin Concentus Musicus Wien, ƙungiyar makaɗan birnin Biyena na ƙasar Ostiriya. An kafa ta a 1953, ta cika shekara 70 a 2023, kuma har yau tana wasa, ko da yake miji da matar da suka assasa ta, Nikolaus da Alice Harnoncourt, duk sun bar duniya. Tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin irinta da suka rage, kuma da wuya a sami wata gardama kan wannan batu da ba a taɓa yi a kanta ba.

Mene ne Barok, mece ce ƙaramar ƙungiyar makaɗa?

Barok suna ne da masana tarihi suka ba wani zamani na fasahar Turai. A fannin kiɗa ana lissafa shi daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Johann Sebastian Bach ya mutu. Zamanin Monteverdi da Vivaldi ne a Italiya, Purcell a Ingila, Lully da Rameau a Faransa, sai Jamusawa biyu da aka haifa a shekara guda, 1685, wato Bach da Handel. Mai kallon ƙwallo ya san ɗanɗanonsa ko bai san sunansa ba: taken gasar Zakarun Turai da ake sakawa kafin a take leda, an gina shi ne a 1992 bisa waƙar da Handel ya tsara a 1727 domin bikin naɗin Sarki George na II na Birtaniya.

Galibin makaɗan wancan lokaci ma'aikata ne, na fadar wani basarake, ko na coci, ko na majalisar gari. Ba su da yawa. Sukan zauna a zauren fada ko a benen coci, kuma sau da yawa babu wani mai sanda da ke tsaye yana yi musu ishara. Mai gogen farko ko mai hafsikod ne ke jan ragama, yana kaɗa nasa yana jagoranci. Wannan ake nufi da ƙaramar ƙungiya, saɓanin rundunar mutum 80 ko 100 da ƙarni na 19 ya haifar.

Tushen matsalar yana cikin takardar kiɗan kanta. Hafsikod na'ura ce mai kama da fiyano, sai dai ita fizgar tsirkiya take yi da ɗan tsinke maimakon ta buge ta. Mai kaɗa ta, layin hannun hagu kawai ake rubuta masa, da 'yan lambobi kusa da shi, 6 ko 4 ko 7. Abin da hannun dama zai yi, shi zai ƙirƙiro nan take bisa waɗannan lambobi. Sau da yawa ba a rubuta inda za a ɗaga sauti ko a sassauta ba, ba a fayyace saurin tafiya ba, ba a rubuta adon da ake sa ran mawaƙi zai ƙara ba. Babu buƙata, domin mai kiɗan yana cikin ɗakin, makaɗan kuma sun tashi cikin al'adar. Da al'adar ta mutu, sai takarda ta rage ita kaɗai.

Yadda tsohon sautin ya ɓace

Bayan 1750 yayi ya sauya, aka jibge yawancin kiɗan Barok a ɗakunan ajiya. Vivaldi ya mutu cikin talauci a Biyena a 1741, aka kusa mantawa da shi har ƙarni na 20. Kaɗe-kaɗe shida da Bach ya aika wa basaraken Brandenburg a 1721, waɗanda yau suke cikin sanannun ayyukansa, sai a 1849 aka tono rubutunsu. Lokacin da Felix Mendelssohn ya farfaɗo da babban aikin Bach na coci da aka gina kan Linjilar Matta, a Balin a 1829, datse shi ya yi sosai, ya kuma tara mawaƙan da suka ninka na Bach sau da yawa. Ba mugunta ba ce. Kowa da kayan zamaninsa da kunnen zamaninsa yake aiki.

Su kansu kayan kiɗan sun sauya, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ana ɗauka cewa gogen Turawa, wato biyolin, wanda Stradivari ya ƙera a 1710 yana nan yadda ya bar shi. Ba haka ba ne. Da zaurukan kiɗa suka ƙara girma, aka bi kusan duk tsofaffin gogen aka sake musu wuya mai tsawo, aka karkatar da shi baya, aka ƙarfafa cikinsu domin su jure ɗaurin tsirkiya mai tsauri. Bakan gogawa ma an sake masa fasali a hannun François Tourte a Paris a shekarun 1780. Sabon bakan yana ba da sauti mai ɗorewa iri ɗaya daga gindi har tsini. Tsohon kuwa gajere ne, sautinsa yana farawa da ƙarfi ya lafa da kansa, kuma jan ƙasa ya fi turin sama nauyi. Sarewar katako ta koma ta ƙarfe mai maɓallai da yawa bayan ƙirar Theobald Boehm ta 1847. Ƙahon tagulla ya samu maɓallai bayan 1815. Kafin nan, kamar kakakin fada yake: dogon bututu ne zalla, leɓe da numfashin mai busa ne kaɗai ke zaɓen sauti, kuma shi ma kayan alfarmar sarakuna ne, ba kowa ake bari ya busa ba.

Sai tsirkiya. Ta dā da hanjin tumaki ake murɗa ta. Ta ƙarfe da ta roba a ƙarni na 20 suka mamaye. Ta hanji tana da rai irin nata. Zafi da laima suna taɓa ta, shi ya sa in zaure ya cika da numfashin jama'a za ka ga makaɗan sun tsaya tsakanin kiɗa da kiɗa suna murɗa kunnuwan goge, mai hafsikod yana danna musu sauti ɗaya suna bi, ɗaya bayan ɗaya, har masu sauraro su fara tari. Amma in baka ya hau ta, akwai wata 'yar ƙarzawa a farkon sautin, kafin ɗumi ya biyo baya. Ƙarfe ba ya ba da wannan.

Shekara huɗu a cikin ɗaki

Ba su Harnoncourt ne suka fara waiwayar tsofaffin kaya ba. Arnold Dolmetsch ya yi ta ƙera su a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19, Wanda Landowska ta dawo da hafsikod bainar jama'a, an kuma buɗe makarantar tsohon kiɗa a Basel ta Suwizalan a 1933. Gidan rediyon Kolon ma ya kafa tasa ƙungiyar, Cappella Coloniensis, a 1954. Sai dai a idon ƙwararrun makaɗa, harkar ta 'yan sha'awa ce da malaman jami'a, mutanen da ake zargin sun fake da tarihi ne domin hannunsu bai kai ba.

Abin da ya bambanta mutanen Biyena shi ne ƙwararru ne. An haifi Nikolaus Harnoncourt a Balin a 1929, ya tashi a Graz, ya karanci celo, wato babban gogen da ake riƙewa tsakanin ƙafafu. A 1952 ya samu aiki a babbar ƙungiyar Wiener Symphoniker, a zamanin da Herbert von Karajan ke juya ta. Alice kuwa gwanar biyolin ce. A 1953 suka yi aure, a shekarar kuma suka tara wasu abokai, galibinsu daga wurin aikinsa, suka fara atisaye. Biyena a lokacin tana ƙarƙashin mamayar ƙasashe huɗu da suka ci Yaƙin Duniya na Biyu, mamayar da ba ta ƙare ba sai 1955. Kuɗi babu. Ɗan abin da suka samu a kan tsofaffin kayan kiɗa yake ƙarewa, musamman ƙirar Jacob Stainer, maƙerin yankin Tirol na ƙarni na 17, wanda a zamanin Bach ake ganin gogensa da daraja ƙwarai.

Samun kayan ma shi ne mai sauƙi. Babu malamin da zai koya musu yadda ake kaɗa su, domin sarƙar koyo daga malami zuwa almajiri ta tsinke tun tuni. Sai suka koma ga littattafan koyarwa na wancan zamani, irin wanda Johann Joachim Quantz ya rubuta kan sarewa a 1752 da wanda Leopold Mozart, mahaifin Mozart, ya rubuta kan biyolin a 1756. Suka riƙa shiga ɗakunan karatu suna kwafe kaɗe-kaɗen da ba a taɓa bugawa ba, da hannu. Shekara huɗu suka yi a haka kafin su fito da sunan ƙungiyar su yi wasansu na farko a 1957, a fadar Schwarzenberg da ke Biyena. A ganina wannan haƙuri shi ne jarin ƙungiyar. Da sun fito da wuri da sauti mai gargada, da sun gaskata masu cewa harkar ta ragwaye ce.

Da kiɗan gida suka yi suna a farko: Biber, Schmelzer, Muffat, Fux, mutanen da suka yi wa fadojin Ostiriya hidima aka manta da su. Harnoncourt bai tsaya gabansu da sanda ba, a cikinsu yake zaune da celonsa, haka kuma ya ci gaba har 1987. Alice ce shugabar masu goge har tsakiyar shekarun 1980. A tuna fa, wannan birni ne da babbar ƙungiyarsa, Wiener Philharmoniker, ba ta yarda ta ɗauki mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai a 1997.

Shekara 16 Harnoncourt ya yi yana raba ƙafa tsakanin aikin albashi da Concentus, sai a 1969 ya ajiye aikin. Ya sha ba da labarin cewa abin da ya ƙure haƙurinsa shi ne yadda ake kaɗa simfonin Mozart mai lamba 40, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi na babbar ƙungiyar makaɗa, a matsayin kiɗan shaƙatawa mai zaƙi, jama'a suna murmushi, alhali shi tashin hankali da baƙin ciki yake gani a cikin takardar.

Faya-fayen da suka tada ƙura

Faifan garmaho ne ya kai su duniya. Kamfanin Telefunken na Jamus yana da sashe na tsohon kiɗa mai suna Das Alte Werk, a nan suka fitar da kaɗe-kaɗen Brandenburg a 1964, babbar waƙar ibadar Bach da ake kira Mass a 1968, sai aikin Linjilar Matta a 1970. Domin a ga girman tazarar: faifan wannan aiki na ƙarshe da shahararren jagoran makaɗa Otto Klemperer ya yi a Landan a farkon shekarun 1960 ya haura awa uku da rabi, na Harnoncourt kuwa bai cika awa uku ba. Mutanen da suka saba jin Bach a matsayin wani dutse mai kwarjini sai suka ji yana rawa. Wasu suka ce an buɗe musu kunne, wasu suka ce an ci mutuncin Bach.

A 1971 suka ɗauko aikin da ya fi kowanne girma. Bach ya tsara waƙoƙin coci da ake kira kantata, musamman bayan ya koma Leipzig a 1723, inda a shekarun farko kusan kowane mako sai ya kawo sabuwa. Kimanin 200 suka tsira. Harnoncourt da abokinsa Gustav Leonhardt na Amsterdam suka raba su tsakanin ƙungiyoyinsu biyu, suka ɗauki kusan shekara 20 suna naɗa. Suka dage a kan cewa yara maza ne za su rera manyan muryoyi, wato siraran muryoyin sama, kamar yadda ake yi a cocin Bach inda mata ba sa waƙa. A cikin kowane kwalin faifai har da cikakkiyar takardar kiɗan suke sakawa, kamar suna cewa mai saye: ga shi nan, duba da idonka. A 1980 aka ba su biyun lambar yabo ta Erasmus a Holan.

Faifan da ya fi nuna halinsu, a wurina, shi ne na Vivaldi na 1977, kiɗan nan na yanayoyin shekara huɗu, inda Alice ta ja gaba. Kowa ya san shi a matsayin kiɗan ɗakin jiran otal. Amma Vivaldi da kansa ya rubuta a cikin takardar abin da kowane sashe ke kwaikwayo: a wani wuri makiyayi na barci, karensa na haushi, a sashen hunturu haƙora na karkarwa don sanyi. Sauran makaɗa sukan lulluɓe wannan da zaƙi. Su kuwa suka bar karen ya yi haushi.

Hujjarsu: kiɗa magana ne

Nan ne aka fi yi wa Harnoncourt gurguwar fahimta. Ana ɗaukarsa mai gadin gidan tarihi, alhali abin da ya fi tsana ke nan. A littafinsa na 1982, da kuma shekaru kusan 20 da ya yi yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Mozarteum da ke Salzburg, abin da yake nanatawa shi ne: kafin wajen 1800, mutanen Turai kallon magana suke yi wa kiɗa. Yana da gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, yana da waƙafi da aya, tambaya da amsa, gardama da lallashi. Bayan nan ne aka koma ga dogon sauti mai santsi wanda ake so ya lulluɓe mai sauraro. In ka ɗauki kiɗan da aka tsara a matsayin magana ka shafe gaɓoɓinsa, sautin zai yi daɗi amma ba za a ji abin da yake faɗa ba.

Saboda haka tsohon baka da tsirkiyar hanji ba su ne manufa ba, malamai ne. Bakan da sautinsa ke lafawa da kansa yana tilasta wa hannu ya furta gaɓa-gaɓa. Haka ma batun daidaito tsakanin kaya. A kiɗan Brandenburg na biyu, Bach ya haɗa ƙaho da obo (abin busa mai kama da algaita) da biyolin da wata sarewar katako mai sanyin murya, ya ba su matsayi ɗaya. Da ƙahon zamani, sarewar nutsewa take yi, har a yi zaton Bach bai san aikinsa ba. Da tsofaffin kaya tazarar tana raguwa sosai, sai a gane lissafinsa.

Abin da masu suka ke cewa

Sukar farko ta kunne ce, kuma a shekarun farko tana da ƙamshin gaskiya. Ƙaho yakan kuskure, obo yakan kauce, wani yaron kuma a faifan kantata za ka ji yana fama da waƙar da ta fi ƙarfin numfashinsa. Wannan suka ta yi rauni da tafiyar lokaci, domin makaɗan da suka biyo baya sun ƙware matuƙa.

Ta biyu ta masu riƙo da gadon manyan ƙungiyoyi ce. Suna cewa al'adar da ta biyo ta hannun Mendelssohn zuwa su Klemperer da Karl Richter ita ma gado ce mai rai, ba datti ba ne da za a kankare. Sukan kuma kafa hujja da takardar koken da Bach ya rubuta wa majalisar Leipzig a 1730, yana ƙorafin ƙarancin mawaƙa da makaɗa. In mutum yana kuka da abin da yake da shi, me ya sa za a mai da ƙarancin nan doka? Abin dariya, ita wannan takarda ce Joshua Rifkin na Amurka ya karanta ta wata fuskar, ya fito a 1981 yana cewa mawaƙi ɗaya tak ke riƙe kowace murya a wurin Bach. Ke nan a ma'auninsa, su Harnoncourt ma sun cika yawa.

Ta uku ita ce mai nauyi. Masanin kiɗa Richard Taruskin ya yi ta rubutu a shekarun 1980 da 1990 yana cewa wannan salo da ake kira na asali, shi ne ma salon da ya fi kowanne zama na zamani. Son sauti tsaf-tsaf, mara ƙawa, mai tafiya kamar agogo, ɗabi'ar ƙarni na 20 ce, aka sanya mata rigar tarihi. Kuma in an bi diddigi, akwai abubuwan da ke goyon bayansa. Yawancin ƙungiyoyin Barok suna ɗaure kayansu a kan ma'aunin tashin sauti na 415, ƙasa kaɗan da 440 na zamani, amma a lokacin Bach babu ma'auni guda. Kowane gari da nasa, wani lokaci na coci daban na fada daban. An zaɓi 415 ne domin sauƙin aiki. Yawancin ƙahonin "asali" da ake busawa yau an huda musu 'yan ramukan yatsa da na dā ba su da su. Yaran zamanin Bach sukan kai shekara 16 ko 17 kafin muryarsu ta fashe, na yau kuwa tun wajen 13, don haka yaron yau ba shi da ƙirji da gogewar na jiya. Uwa uba, ko an dawo da komai, ba za a dawo da kunnen mai sauraron 1725 ba.

Ni dai ina ganin Taruskin ya gano ciwon, amma ba Harnoncourt ne majinyacin ba. Shi da kansa ya sha nesanta kansa da da'awar asali, wadda ta fi yawa a bakin masu tallar faifai. Kuma kiɗansa ba ya tafiya kamar agogo ko kaɗan; laifin da aka fi kama shi da shi ma shi ne wuce gona da iri wajen jaddada gaɓa da yin shiru a inda ba a zata ba. Bai kuma ɗaure kansa da hukuncin jiya ba. Da ya sake naɗar aikin Linjilar Matta da Concentus, faifan da ya fito a 2001 ya kuma ci lambar Grammy, mata ne suka rera manyan muryoyin, tare da ƙungiyar mawaƙa ta Arnold Schoenberg. Amsar tambayar farko ke nan: babu wanda zai iya rantsuwa cewa haka Bach ya ji. Abin da za a iya cewa shi ne an kusanci irin kayan da ya rubuta wa kiɗan, an kuma karanta ƙa'idojin da makaɗansa suka sani. Sauran duk zaɓin mutanen yau ne.

Me ya canja ga mai sauraro da makaɗi?

Ga mai sauraro, nasarar ta kai har ba a ganinta. Faifan Bach ko Handel da aka naɗa a 'yan shekarun nan, ko da kayan zamani aka yi shi, da wuya ka ji irin nauyin Klemperer. Manyan ƙungiyoyi sun fara da ja da baya daga kiɗan Barok, daga bisani suka gayyato masu tawayen su koya musu. Ƙungiyar makaɗan Concertgebouw ta Amsterdam ta fara aiki da Harnoncourt tun 1975, ita kuma Wiener Philharmoniker ta miƙa masa wasanta na sabuwar shekara, wanda ake nunawa a talabijin a ƙasashe da dama, a 2001 da 2003. Ayyukan da aka binne, kamar wasannin kwaikwayo na waƙa da ake kira opera, na Monteverdi da na Handel, sun dawo dandamali.

Ga makaɗi abin gauraye ne. An samu sabuwar sana'a: sassan koyar da tsohon kiɗa a manyan makarantu, har Juilliard ta New York ta buɗe nata a 2009, ga maƙeran hafsikod da masu murɗa tsirkiyar hanji. Amma galibin masu wannan kiɗa ba su da albashin wata irin na manyan ƙungiyoyin gwamnati. Aiki-aiki ake kiran su, yau Biyena gobe Paris. Kuma kasuwar faifai da ta ɗauki nauyin aikin shekara 20 kamar na kantata ta durƙushe. Kuɗin da ake samu daga sauraro ta intanet ba zai biya irinsa ba.

Bayan mai gida ya tafi

Ranar 5 ga Disamba 2015, ana gobe zai cika shekara 86, waɗanda suka je wasan Concentus a zauren Musikverein suka tarar da wasiƙa da rubutun hannun Harnoncourt a cikin takardar shirin wasa. Ya sanar da su cewa ƙarfin jikinsa ya tilasta masa soke duk abin da ya tsara. Ya mutu ranar 5 ga Maris 2016. Alice ta bi shi a Yulin 2022.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan zama inuwar mutum ɗaya, shi ya sa ba dukansu ke tsallake wannan gaɓa ba. Musica Antiqua Köln ta watse da Reinhard Goebel ya ajiye ta. Academy of Ancient Music da The English Concert na Ingila sun tsira ne domin waɗanda suka kafa su, Christopher Hogwood da Trevor Pinnock, sun miƙa ragama tun suna da ƙarfi. Concentus ta zaɓi ɗan gida, Stefan Gottfried, wanda ya daɗe yana kaɗa musu hafsikod yana kuma taimaka wa Harnoncourt, tare da tsofaffin 'yan ƙungiyar irin su Erich Höbarth da Andrea Bischof.

Matsalarsu yanzu ba 'yan adawa ba ne, magada ne. Akwai ƙungiyoyin Barok masu zafi a Freiburg, Balin, Milan da Paris, kuma abin da su Harnoncourt suka haƙo da ƙyar a ɗakin karatu ya zama darasin aji, ɗalibi yana haddace shi ba tare da ya tambayi dalili ba. Mai sayen tikiti yana da damar tambaya me Concentus za ta ba shi wanda waɗancan ba za su ba shi ba.

Hanyar da suka bi ita ce matsawa gaba cikin tarihi, kuma Harnoncourt ne ya share ta. Da Concentus ya yi simfoni uku na ƙarshe na Mozart, sannan a 2015 ya naɗi simfoni na 4 da na 5 na Beethoven, waɗanda suke cikin faya-fayensa na ƙarshe. Gottfried ya ɗora daga nan. A 2018 suka fitar da simfonin Schubert da duniya ta sani da kashi biyu kacal domin bai kammala shi ba, su kuwa suka kaɗa shi da kashi huɗu, bisa cikon da wasu masana suka yi daga abin da ya bari. Ƙungiyar da aka sani da bin takarda sau da ƙafa ce ta yi wannan, kuma Schubert ya rubuta nasa ɓangaren ne a 1822, shekara 72 bayan rufewar zamanin Barok.